Yatsun Gwaggo da Ƙwaya Biyar a Leda

Gwaggona, yayar babanmu, shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga takardu a ofishin wata makarantar sakandare. Malamai Tafireta suke kiran ta, da sunan na'urar da take aiki da ita, kuma ba ta taɓa jin haushi ba. Takardun jarrabawa, wasiƙun shugaban makaranta, jerin sunayen ɗalibai, duk ta hannunta suke bi. Ba ta kallon yatsunta in tana bugu. Idonta na kan rubutun hannun mai takarda, in ta ci karo da kuskure sai ta yi tsaki ta gyara, ba ta tambayar kowa. Akwai wani malamin lissafi da ya yi zango guda ba ya gaishe ta, saboda ta aika masa da tambayarsa ta bakwai ta ce tambayar ba ta da amsa. Da ya zauna ya duba, ya tarar gaskiyarta ne.

Mijinta ya rasu tun tana da ƙuruciya, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba. A gidanta na yi makaranta, don haka na san ta fiye da yadda sauran 'ya'yan 'yan'uwa suka san ta. Mace ce doguwa, siririya, mai saurin tafiya da saurin magana. Da kwamfuta ta shigo ofis, mutane suka ce shi ke nan, an gama da Tafireta. Tana da shekara hamsin ta zauna ta koya a wata biyu. Abin da ta kasa koya kawai shi ne taɓa maɓalli a hankali. Yadda ta saba dukan tsohuwar na'ura haka take dukan sabuwar, har sai da ta kashe kibod uku a shekara ɗaya.

Bayan ta yi ritaya ta kama wani ɗan shago kusa da tashar mota, tsakanin mai gyaran waya da mai ɗaukar hoto. Tebur ɗaya, kwamfuta, injin fitar da takarda, benci na masu jira. Takardar neman aiki, yarjejeniyar haya, ƙorafi zuwa hukumar ruwa, duk tana bugawa. Da yawa ma ba bugun ne ke kawo su ba. Mutum zai zo da maganarsa a hargitse, ta saurara, ta ce, "To, abin da kake son faɗa ke nan," ta rubuta masa a layi biyar.

Tun kafin ritayar yatsunta suka fara ba ta matsala. Da safe sai ta tashi ta same su sun kumbura sun ƙage, gaɓoɓin sun yi zafi, hannu biyun duka. Kofi ma ba ta iya riƙewa sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kusan awa guda. Ba ta gaya wa kowa ba. Wanda ya fara lura shi ne masinjan tsohuwar makarantarsu, wani dattijo mai barkwanci da ke biyowa shagon gaisuwa. Ya ga tana bugu da yatsa biyu kamar 'yar koyo, ya ce, "Haba Tafireta, ke ce da wannan? Taso in kai ki inda nake karɓar na gwiwata."

Wani kemis ne a bayan kasuwa. Mai shagon bai tambaye ta komai ba sai inda ke ciwo. Ya buɗe robobi biyar, ya ɗauki ƙwaya ɗai-ɗai, ya ƙulla a 'yar leda. Haɗi ake ce masa. Ta sha da yamma, washegari ta tashi ta dunƙule hannu ta buɗe, ta sake dunƙulewa, babu ciwo ko kaɗan. Ta ce min daga baya ranar har rawa ta taka ita kaɗai a tsakar ɗaki.

Shekara bakwai tana shan ƙulli ɗaya kullum.

Mu dai abin da muka gani shi ne Gwaggo ta yi ƙiba. Fuskarta ta cika ta yi zagaye, wuya ya yi kauri ta baya. A wajen taron dangi ana ta tsokanar ta, "Ritaya ta karɓe ki, Gwaggo, wa ke ba ki abinci ne a ɓoye?" Tana dariya. Ba wanda ya lura ƙafafunta da hannuwanta ƙara sirancewa suke yi, ko cewa da ta ɗan bugi tebur sai fatar ta yi baƙi ta kwana biyar. Ni kaina na lura wata rana muna tsaye cewa kafaɗata ta wuce tata, alhali da ni ke ɗaga kai in kalle ta. Na ɗauka takalmina ne.

Wata Talata da hantsi mai ɗaukar hoto ya kira ni a wurin aiki. Gwaggo ta sunkuya za ta ɗaga kwalin takarda, ta ji wani abu ya yi ƙas a bayanta, ta kasa miƙewa. Na same ta a kan benci, ta jingina da bango, gumi na zuba. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "'Yar nan, irin na Ƙarama ne."

Ƙarama ƙanwarsu ce, autar su babanmu. Ciwon daji ya kama ta a nono, daga baya ya shiga ƙashi, kuma da ciwon baya aka fara gane ya bazu. Gwaggo ce ta yi jinyarta wata goma sha ɗaya har ta rasu. Ta san yadda abin ke tafiya mataki-mataki, ba wanda zai ba ta labari.

A asibiti aka ɗauki hoton bayan. Likitan ya ɗaga shi a haske ya nuna mana ƙasusuwan gadon baya a jere, biyu daga ciki sun lotsa kamar gwangwanin da aka taka. Ya ce kwalin takarda bai isa ya yi wa lafiyayyen ƙashi haka ba, dole a bincika dalili. Ya rubuta gwaje-gwaje cike da takarda, na jini, na nono, na ƙarfin ƙashi, ya ba ta maganin ciwo da bel ɗin ɗaure baya, ya ce mu dawo bayan kwana goma. Duk bayaninsa, "dole a bincika" kaɗai Gwaggo ta ji.

Na dawo da ita gidana. A kwana goman nan ta raba kusan duk abin da ta mallaka. Keken ɗinkinta ta ba matar yayana. Agogon bango ta ba babanmu. Tsohuwar tafiretar da makaranta ta bar mata ranar ritaya ta ce tawa ce. Ta sa na kawo mata kwamfutata kan gado, ta buga wasiyya da kanta, shafi biyu, har da sakin layi mai lamba. Na ce, "Gwaggo, ki bari mu ji sakamako mana." Ta ce, "Sakamakon me? Ni na wanke Ƙarama wata goma sha ɗaya. Duba min nan, ‘makusanta’ na rubuta ko ‘makusantan’?"

Ranar komawa babanmu ya zo ya kai mu. Likita ya jera takardu a gabansa ya ce, "Mama, albishirinki. Mun duba ko'ina, babu alamar daji."

Ni na saki numfashi, babanmu ya ce alhamdulillahi har sau uku. Gwaggo ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Haka aka fara ce wa ƙanwata. Likita, in ba shi ba ne, me ya ci min ƙashi?"

Ya ce tambayar ke nan da shi ma yake yi. Shekararta sittin da uku, amma awon ya nuna ƙashinta kamar na 'yar tamanin da wani abu. Sukarinta ya ɗan hau, kitsen jininta ya hau sosai, bitamin D kuma ya yi ƙasa. Ya daɗe yana kallon fuskarta da fatar hannunta, sannan ya ce, "Akwai maganin da kike sha kullum?"

"Ni? Rabona da asibiti tun jinyar Ƙarama. Ba na shan magani."

Ya rubuta wasu magunguna, ya ƙara wani ɗan rubutu a gefe, ya ce mu kai wa mai harhaɗa magani da hannunmu, ta cikin ofis, ba ta taga ba.

Ofishin ɗan ƙarami ne a bayan ɗakin magani, da tebur da firji da kwalaye har rufi. Matar ba za ta wuce shekara arba'in ba, tabarau a kan hanci, magana a hankali. Ta karanta rubutun likita, ta ba Gwaggo kujera mai majingina. Ba ta tambaye ta magani ba. Hannunta ta kama ta juya, ta shafa gaɓoɓin yatsun da suka ɗan karkace.

"Mama, waɗannan suna damun ki da safe, ko?"

"Da can. Yanzu na samu sauƙi."

"Masha Allah. Me kike yi musu?"

"Haɗi nake sha."

Ni da babanmu muka kalli juna. Na ce, "Gwaggo, ba yanzu kika ce wa likita ba kya shan magani ba?"

"Magani ya tambaye ni. Wannan ai haɗi ne, na kemis." Ta buɗe jaka ta fito da ƙulli uku. Ashe har a gidana kullum sai ta sha, in na fita.

Mai harhaɗa maganin ba ta yi mata faɗa ba. Ta shimfiɗa farar takarda, ta kwance ƙulli ɗaya, ta rarraba ƙwayoyin da bakin biro, tana juya kowace tana duba tambarin jikinta. Rawayar ta ce bitamin ne, ba ya cutarwa, ba ya kuma yi wa yatsu komai. Ɗayar ta ƙaiƙayi ce da mura, tana sa barci da cin abinci. Manyan biyun kuma magungunan ciwo ne 'yan gida ɗaya, aiki ɗaya suke yi, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka wa ciki da ƙoda wahala. Ta ce Allah ya rufa asiri da ba su huda mata ciki ba.

Sai ta turo ta biyar gaba, wata 'yar mitsitsiyar fara, wadda ta fi kowace ƙanƙanta.

"Wannan ita ce deksa. Ita ta ba ki sauƙin, ita kuma ta ci ƙashin."

Ta yi mana bayani yadda ko yaro zai gane. Kumburi, in ji ta, ba cuta ba ne a karan kansa, hanyar da jiki ke kare kansa ce. In ƙaya ta soke ka, jini ya taru a wurin, ya yi ja ya yi zafi, masu gadin jiki ne suka zo aiki. A wasu mutane sai masu gadin su rikice su far wa gaɓoɓin mai jikin, abin da take zaton ya sami yatsun Gwaggo ke nan. Deksa kuwa tana sa masu gadin su kwanta gaba ɗaya, shi ya sa sauƙinta kamar yankan wuƙa. Magani ne mai kyau, asibiti na ceton rai da shi kullum, amma da awo da ƙayyadadden lokaci. Shi kuma ƙashi, ta ce, ba dutse ba ne. Kullum ana rushe tsohon ana gina sabo, tun daga haihuwa har mutuwa. In aka daɗe ana shan deksa, masu ginin sai su yi sanyi, masu rushewa na nan suna aikinsu, hanji kuma ya rage tsotsar sinadarin kalsiyam da ake ginin da shi. Shekara bakwai ana rushewa ba a mayarwa. Sukarin, kitsen jinin, cikar fuskar, baƙin da fata ke yi, duk aikinta ne.

Gwaggo ta daɗe tana kallon ƙwayar. Sannan ta ce, "Wato ba daji ba ne."

"Ba daji ba ne, Mama."

"Wannan 'yar abar ce."

"Ita ce."

Sai Gwaggo ta fara dariya. Bayan na mata ciwo, tana riƙe bel ɗin da hannu biyu tana cewa wayyo, amma ta kasa dainawa, hawaye na bin kumatun nan masu zagaye. Tun ranar da bayan ya kama ta ban ga haƙoranta ba. Babanmu ya juya yana karanta rubutun jikin wani kwali, yana share ido da hannun riga.

Da ta natsu ta tattara ƙullin ta ce, "Ina kwandon shara?"

Matar ta dafe hannunta. "A'a, Mama. Nan ne wurin da ya fi haɗari. Biyun nan na ciwo yau za ki bar su. Amma deksa ba a yanke ta rana ɗaya." Ta ce jiki na da wasu 'yan abubuwa biyu a saman ƙoda da ke haɗa irin wannan sinadarin da kansu, kuma ba a rayuwa sai da shi. Da suka ga yana shigowa daga waje kullum sai suka daina aiki. In aka yanke kwatsam, jini zai iya faɗuwa mutum ya sume, wani ma ba ya tashi. Dole likita ya mayar da ita kan 'yar'uwar deksa da ake iya aunawa, a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan na watanni har nata su farka.

Muka ɗauko Gwaggo a mota, muka wuce shataletale biyu. Sai ta taɓa kafaɗar babanmu daga baya ta ce, "Kai, agogon nan, ka riga ka kafa shi?"

Ya ce tun ranar.

"To ka cire. Aro na ba ka."

Kafin mako ya zagayo ta karɓe kayanta kaf. Matar yayana ta fara ɗinka wa yara kaya da keken, ta roƙi a bar mata ta gama, Gwaggo ta ba ta kwana uku. Tafiretar kaɗai ta bar min, ta ce nauyi gare ta, an hana ta ɗaukar kaya.

Ba zan ce watannin da suka biyo baya sun yi daɗi ba. Da aka fara rage maganin, yatsun suka dawo da ciwonsu, ga kasala, wani lokaci daga gado zuwa banɗaki sai ta huta. Sau biyu ta ce min in je bayan kasuwa in karɓo mata ko ƙulli ɗaya ne, sau biyun na ƙi, ta kira ni marar tausayi. Likitan gaɓoɓi ya tabbatar amosanin gaɓɓai ne mai kumburi, ya ɗora ta kan maganin da ke kama cutar daga tushe, sau ɗaya a mako, da wani bitamin da ake sha a wata ranar daban don ya rage masa illa, da gwajin jini lokaci-lokaci. Ya ce sai ta yi haƙuri, wannan ba ya aiki washegari, sai ya yi wata biyu ko uku. Ga kalsiyam da bitamin D kullum. Ga na kitsen jini da yamma, aka ce in ta ji tsokar cinya ko ta dantse na ciwo ba dalili ta zo ta faɗa.

Wanda ya fi ba ta haushi shi ne na ƙashi. Shi ma sau ɗaya ne a mako, da safe kafin a ci komai, da ruwa kofi cike, kuma ba a kwanciya sai an yi rabin awa, don kada ya tsaya a maƙogwaro ya ƙone shi. Ta ce ita ba ta taɓa ganin magani mai sharaɗi kamar shugaban makaranta ba. Amma ta buga jadawali mai layi-layi ta manna a ƙofar firji, kwafi ɗaya a jaka, ta kai wa mai harhaɗa maganin ɗaya. Matar ta roƙe ta ta buga mata marar suna guda hamsin don sauran marasa lafiya. Ranar Asabar ta zaɓa wa na ƙashin. Sai ta sha, ta fito ƙofar gida ta yi ta kai da kawo a rana, tunda an ce hasken rana na taimaka wa fata ta haɗa bitamin D, tana gaisawa da masu wucewa tana duba agogo.

Da ta fara samun ƙarfi, abin da ta fara yi shi ne aika wa masinja ya zo. Ya shigo da fara'arsa, da fuska cike kamar tata. Ta sa shi ya zauna, ta ce ya fito da abin da ke aljihunsa. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, shekara tara yana sha. Ta ce, "Ni ma ƙalau nake har ranar da kwali ya karya ni. Kada ka yar, kada kuma ka ƙara saye. Gobe ƙarfe takwas 'yar nan za ta kai mu." Ya yi ta ba ta haƙuri, tunda shi ya kai ta kemis ɗin tun farko. Ta ce ya bar zancen, ciwo ya gani ya tausaya. An same shi da sukari mai yawa, amma ƙashinsa da sauƙi.

Mai kemis ɗin ma ta je ta same shi, da sanda da bel. Ya ce ai ba ta taɓa kawo ƙorafi ba, kuma mutane ne ke nema. Ba ta yi masa hayaniya ba. Ta koma shago ta rubuta wa hukumar da ke kula da masu sayar da magani wasiƙa, layi tara, ta kai da kanta. Ban san abin da suka yi masa ba. Shagon dai yana nan a buɗe, amma an ce yanzu in ka ce haɗi sai ya ce babu.

A wata na takwas aka cire ta daga 'yar'uwar deksar gaba ɗaya. Fuskar ta saɓe a hankali, har dangi suka koma tambaya ko ba ta da lafiya ne, ta rame. Sukarin ya sauka da kansa. Na kitsen jini likita ya ce ta ci gaba, don wani ɓangaren na gado ne, babanmu ma da aka gwada shi an samu.

Yanzu shekara biyu ke nan. Tana buɗe shago daga tara zuwa azahar, an ɗora kwalayen takarda a kan kanta daidai ƙugu, ba ta sunkuyawa. Yatsun ba su miƙe ba, amma suna aiki, da safe minti goma ya ishe su. Watan jiya muka koma awon ƙashi. Likita ya ce ya daina raguwa, har ya ɗan ƙaru a ƙugu, kuma ba sabuwar karaya. Ta tambaye shi tsawonta fa, zai dawo? Ya ce wannan kam a'a, abin da ya lotsa ya lotsa.

Ta ce, "To ba komai, dama ina buga kai a ƙofar shago."

Da muka fito ta ce in tsaya mata a wurin tela. Ta shiga da dogayen rigunanta shida a leda, ta ce a rage mata tsawon kowace da faɗin yatsa uku, kuma tana son su kafin Alhamis, akwai bikin 'yar mai gyaran waya.